Daga Kwalin Taba Zuwa Fuskar Waya: Tarihin Wasan Tara Katuna

Duk wata karta da duniya ta saba da ita kafin shekarar 1993, ƙa'idarta ɗaya ce: kwali guda ake buɗewa, a cakuɗa, a raba wa kowa. Da mai kuɗi da talaka daga tari ɗaya suke ja, kuma idan an tashi sai a tattara katunan a mayar cikin kwalinsu. Babu wanda zai ɗauke kati ɗaya ya ce nasa ne, ya sa a aljihu. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa a ƙasar Sin aka fara ta, zamanin daular Tang, sannan ta biyo fatake har ta iso Masar a zamanin sarakunan Mamluk. A fadar Topkapi da ke Istanbul akwai ragowar wata karta ta Mamluk da wani masani mai suna Leo Mayer ya gano, mai alamu huɗu: kofi, tsabar kuɗi, takobi da sandar wasan folo. Daga ƙasashen Musulmi ta tsallaka Turai a shekarun 1370, kuma ba ta daɗe da isa ba hukumomi suka fara yaƙi da ita saboda caca. Birnin Florence na Italiya ya hana ta tun a 1377.

Wadda muka tashi muka tarar a majalisun unguwa, wato Whot, ita ma a kan wannan ƙa'ida take. Wani Baturen Ingila, William Henry Storey, shi ya ƙirƙiro ta, aka yi mata rajista a 1935, amma a Najeriya ta samu gindin zama. Wanda ya taɓa zama a tabarma ana kiran kuros da bol da kafet, ana jiran wanda zai ce saura masa kati ɗaya, ya san cewa kwali ɗaya yana isar mutum huɗu ko biyar har katunan su yi laushi, gefunansu su yi baƙi. Ni kuwa yau wasan da nake ɗebe kewa da shi a waya ya rushe wannan ƙa'ida tun daga tushe. Kowa da nasa katunan yake zuwa, waɗanda ya tara da kansa, ya zaɓa da kansa. Yadda aka yi aka zo nan labari ne na abubuwa biyu da suka daɗe suna tafiya daban-daban kafin wani malamin lissafi ya haɗa su.

Na farko shi ne kartar wasa da muka gani. Abu na biyun shi ne tara kati don tarawa kawai, ba don wasa ba, kuma a kwalin taba aka haife shi. A shekarun 1880 kamfanonin sigari na Amurka suna saka ɗan guntun kwali a cikin fakiti don kada karan tabar ya karye. Sai dabara ta zo musu: su buga hoto a jikinsa. Kamfanin Allen & Ginter na birnin Richmond ya riƙa fitar da jeri-jeri na hotuna, na tsuntsaye, na tutocin ƙasashe, na 'yan wasa, galibi hamsin-hamsin. Mai shan taba bai san hoton da zai tarar ba sai ya yage fakitin. In ya samu wanda yake da shi, sai ya nemi wanda zai yi musanya da shi. In saura biyu ya cika jerin, ba zai sauya kamfani ba. 'Yan kasuwa sun gano tun a lokacin cewa mutum zai yi ta saye saboda giɓin da ya rage masa.

Sun kuma gano cewa ƙarancin abu shi ke sa masa daraja. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da katunan 'yan wasan besbol, ciki har da na Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh. Aka janye nasa da wuri, har ana cewa shi ne ya ƙi yarda a yi tallar taba da fuskarsa. Waɗanda suka rage a duniya ba su kai ɗari ba, kuma a 2022 an sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25. A Turai kuma 'yan'uwan nan na gidan Panini da ke Modena suka kafa kamfani a 1961, suka mayar da hotunan 'yan ƙwallo sana'a, suka fitar da kundinsu na farko na gasar cin kofin duniya a 1970. Duk wannan tarawa ce da musanya. Wanda ya cika kundinsa, iyakarsa ya buɗe ya duba, ya nuna wa abokai.

A 1991 wani ɗalibi mai neman digirin digirgir a fannin lissafi a Jami'ar Pennsylvania, Richard Garfield, ya kai wa wani ƙaramin kamfani tallar wasan da ya ƙirƙira mai suna RoboRally. Mai kamfanin, Peter Adkison, ma'aikaci ne a kamfanin jiragen sama na Boeing, kuma a gidansa kusa da Seattle yake gudanar da Wizards of the Coast. Ya ce masa ba shi da jarin buga wannan, amma yana neman wasa mai arha, wanda zai shiga aljihu, wanda mutum biyu za su gama cikin 'yan mintuna yayin da suke jira a wajen taro. Garfield ya koma da tambayar da ba a saba yi ba: me zai hana kowane ɗan wasa ya zo da nasa katunan daban? A watan Agustan 1993 aka fito da Magic: The Gathering, da katuna iri 295, waɗanda aka buga a ƙasar Beljiyam.

Tsarin wasan ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk waɗanda suka biyo baya a kansa suka gina. Mutum biyu ke karawa, kowanne da rai ashirin, kuma wanda ya fara ƙarar da ran abokin karawarsa ya ci. Kafin a zauna, kowa ya riga ya tsamo katunan da zai shiga da su daga cikin abin da ya mallaka, ya haɗa rundunarsa. Galibin katuna suna da farashinsu na makamashi, kuma makamashin kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa, don haka manyan katuna sai wasa ya yi nisa suke fitowa. A jikin kowane kati an rubuta aikinsa, kuma idan rubutun ya saɓa wa dokar wasan, kati ake bi. Wannan shi ya sa wasan ba ya ƙarewa: duk sabon kati sabuwar doka ce. Rabin gwaninta yana wajen haɗa runduna, a gida, kai kaɗai, kana auna wane kati ne zai taimaki wane. Sauran rabin yana wajen karawa. Amma katunan a rufaffen fakiti ake sayar da su, a lokacin goma sha biyar a ciki, ɗaya kacal daga cikin masu wuyar samu. Gadon kwalin taba ke nan.

Garfield ya zaci mutum zai sayi fakiti kaɗan ya tsaya, ta yadda kati mai ƙarfin gaske zai zama abin da ake jin labarinsa a gari, a gan shi jefi-jefi. Masu saye ba su bi lissafinsa ba. Katuna kusan miliyan 10 na bugu biyu na farko suka ƙare cikin 'yan watanni, mutane suna sayen kwali-kwali suna neman masu ƙarfin. Nan take kasuwa ta tashi a bayan wasan. Katin Black Lotus, wanda kimanin 1,100 kawai aka buga a bugun farko, a 2021 an sayar da ɗaya sama da dala dubu 500. Da kamfanin ya sake buga tsofaffin katuna a 1995, farashinsu ya faɗi, masu tarawa suka yi ca a kansa, har a 1996 ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai ƙara bugawa ba har abada. Daga ranar aka san cewa mutum biyu ne ke riƙe da kati ɗaya, mai son wasa da mai son dukiya, kuma abin da zai faranta wa wannan sau da yawa shi zai ɓata wa wancan.

Akwai wata doka a bugun farko da ba kowa ya san da ita ba. Kafin a fara, kowane ɗan wasa zai cire kati ɗaya daga saman tarinsa ya ajiye a tsakiya, wanda ya ci ya kwashe. Garfield ya yi haka ne don katuna su riƙa zagayawa tsakanin mutane. 'Yan wasa ba su so ta ba, kuma ta yi kama da caca ƙarara a idon dokokin wurare da dama, sai aka yar da ita. Bayan 1995 ba a sake buga katin da ya dogara da ita ba. An kori cacar da ke kan tebur, amma rufaffen fakiti ya ci gaba da zama a kan kanta.

Wani abin da ya ja hankalina da na fara bin tarihin nan shi ne ƙarin katuna na farko da aka yi wa Magic, a Disambar 1993. Sunansa Arabian Nights, katuna 78, kuma daga labaran Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo su, waɗanda Bahaushe ya daɗe yana karantawa da harshensa. Akwai katin Shaharzad, da na Ali Baba, da Sindbad, da kasuwar Bagadaza, da ɗakin karatu na Iskandariyya. Katin Shaharzad yana tilasta wa 'yan wasa su ajiye wasan da suke yi su buɗe wani sabo a cikinsa, kamar yadda take saka labari cikin labari. Wannan fasaha ce ta gaske. Amma a cikin jerin akwai kati mai suna Jihad, wanda aka yi shi da kallon baƙo mai ɗaukar addinin wasu abin ado, kuma sai a 2020 kamfanin ya haramta shi tare da wasu katuna shida da ya amince suna cin zarafin wasu al'ummomi.

Japan ce ta kai wasan hannun yara. Katunan Pokémon sun fito a Oktoban 1996, na Yu-Gi-Oh! kuma kamfanin Konami ya fitar a 1999, daga labarin zane na Kazuki Takahashi. Zuwa 2009 kundin Guinness ya rubuta cewa an sayar da katunan Yu-Gi-Oh! sama da biliyan 22. Ribar Pokémon na Turanci, wanda Wizards ke bugawa a lokacin, tana cikin abin da ya sa kamfanin Hasbro ya sayi Wizards a 1999 a kan kimanin dala miliyan 325, shekara takwas bayan hirar Garfield da Adkison. Makarantu da yawa a Amurka da Ingila sun hana shiga da katunan saboda rigimar musanya tsakanin yara. A 2001 Saudiyya ta haramta Pokémon, kuma cikin dalilan da aka bayar har da kamanninsa da caca.

Tun kafin nan an fara gwada shi a intanet. Chron X ya fito a 1997, wasan da katunansa babu su a takarda ko kaɗan. Amma gwaji mafi girma shi ne Magic Online na 2002, wanda ya zo da abin da mutane suka ɗauka wauta ce: fakitin da ba ka iya taɓawa, a farashi ɗaya da na takarda. Don a kwantar wa masu saye da hankali, kamfanin ya ce duk wanda ya cika jeri guda a kwamfuta zai iya miƙa shi a aiko masa da na takarda har gida. Musanya ma an bar ta a buɗe. Tikitin shiga gasa, wanda ake sayarwa dala ɗaya, ya zama kuɗin ciniki, har 'yan kasuwa suka kafa manhajojin da ke saye da sayarwa dare da rana babu mutum a zaune. Magic Online ya yi ƙoƙarin kwaikwayon shagon kati ne sak, da tsadarsa da komai, shi ya sa ya tsaya a hannun waɗanda dama can suna cikin harkar.

Wanda ya buɗe ƙofa ga irinmu shi ne Hearthstone, da kamfanin Blizzard ya fitar a watan Maris na 2014, ya iso wayoyi a 2015. 'Yan tsirarun ma'aikata ne suka yi shi, kuma sun yanke shawara uku da suka sauya harkar. Shiga kyauta ne. Dokoki an sassauta su: katuna talatin, rai talatin, makamashi yana ƙaruwa da kansa ɗaya-ɗaya har goma. Ta uku ita ce mafi nauyi: babu musanya. Ba za ka iya ba abokinka kati ba, ba za ka iya sayar masa ba. Katin da ba ka so sai dai ka niƙe shi ya zama abin da suke kira ƙura, ka tara ƙurar ka ƙera wani. Mafi darajar kati in ka niƙe shi 400 za a ba ka, in za ka ƙera irinsa 1,600 za ka biya. Ciniki ya koma tsakaninka da kamfani kaɗai, kuma shi ke yanka farashi. Duk da haka, zuwa Nuwamban 2018 Blizzard ya sanar da cewa mutum miliyan 100 sun yi rajista.

Ta wannan ƙofar na shiga. A duk yawon da nake a kasuwanninmu ban taɓa cin karo da shagon da ke sayar da katunan Magic ba, kuma ko da na yi oda daga waje, da wa zan buga? Waya ta warware matsalolin biyu lokaci guda. Bayan sallar isha'i, in gida ya yi shiru, sai in danna neman abokin karawa, kafin in gyara zama an haɗa ni da wani da ban san ƙasarsa ba. Ba ma iya rubuta wa juna komai. 'Yan kalmomi ne aka tanadar, gaisuwa da godiya da yabo, kuma na lura yawancin mutane sukan gaisa kafin a fara, su yaba in an gama.

Abin da ya riƙe ni shi ne irin tunanin da wasan ke nema. Wani dare ina da sojoji uku a fili, ina da wasu biyu a hannu, makamashina kuma ya isa in sauke su duka. Abokin karawata yana da makamashi shida, zagaye mai zuwa zai samu bakwai. Irin jarumin da ya zaɓa yana da wani kati mai suna Flamestrike, farashinsa bakwai daidai, wanda ke ƙone ƙananan sojojin abokin gaba gaba ɗaya. Na lura akwai kati ɗaya a gefen hagu na hannunsa da bai taɓa ba tun farkon wasa. Igiyar da ke nuna lokaci ya kusa ƙarewa ta fara cin wuta a tsakiyar allo. Na kai hari da ukun da ke fili, na riƙe biyun a hannu, na miƙa masa. Ya ɗaga katin nan na hagu, wuta ta share filina. Da zagaye ya dawo kaina na sauke biyun da na ɓoye, shi kuma hannunsa ya riga ya yi sauƙi. Ya aiko da kalmar yabo tun kafin a gama. Babu kuɗin da zai saya wa mutum wannan. Lura ce da haƙuri da sanin abin da ɗan'uwanka zai iya riƙewa. Akwai kuma daren da sabis zai ɗauke ana tsakiyar irin wannan lissafi, ka dawo ka tarar igiya ta ƙone, an ba wancan nasara. Mai wasa daga nan sai ya saba da wannan.

Buɗe fakiti kuma wani abu ne daban, kuma da gangan aka tsara shi. Ka ja fakitin ka ajiye a tsakiya, ya fashe da haske da ƙara, katuna biyar su bayyana a kife. A kwamfuta, in ka kai kibiya kan kati kafin ka juya shi, gefensa zai yi haske da launin darajarsa: shuɗi, ko shunayya, ko ruwan lemo wanda kowa ke jira. In ruwan lemon ne, wata murya za ta yi shela. Na ji yadda ƙirjina ke bugawa a wannan 'yar daƙiƙa, kuma na san wannan bugun ba na wasa ba ne. Shi ne wanda mai shan taba ya ji a 1888 yana yage fakiti, sai dai yanzu babu tafiya shago, babu ƙirga kuɗi a hannu, kanti yana cikin aljihunka a buɗe har asuba.

Hukumomi sun ga abin. A 2012 Japan ta hana tsarin da ake sa mutum ya yi ta saye a rufe har sai ya cika jeri kafin a ba shi babbar kyauta. A 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni su bayyana yawan damar samun kowane abu, kuma a ƙarshen shekarar Apple ya sa irin wannan sharaɗi a kasuwar manhajojinsa. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a na wasu wasanni caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da makin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin matashin da ke buɗe fakiti yana neman katin fitaccen ɗan ƙwallo a Ultimate Team, wanda aka fara tun 2009, ko a eFootball, yana cikin wannan tarihin ko da bai taɓa jin sunan Garfield ba.

An yi yunƙurin dawo da kasuwa. A Nuwamban 2018 kamfanin Valve ya fitar da Artifact, Garfield da kansa yana cikin masu tsara shi. Sai ka biya dala ashirin ka shiga, kuma kana iya saye da sayar da katuna ɗai-ɗai. Daga kimanin mutum dubu 60 da ke wasa a lokaci guda ya faɗo zuwa 'yan ɗaruruwa cikin watanni, aka daina aikinsa a 2021. Jama'a sun riga sun saba da kyauta. Waɗanda suka yi nasara bayansa sun bi ta hanyar gajartawa. Marvel Snap na 2022 katuna goma sha biyu ne, zagaye shida, wasa ya ƙare cikin kamar minti uku. Pokémon TCG Pocket, da ya fito a ƙarshen Oktoban 2024, yana ba da fakiti biyu kyauta kullum, kuma an sauke shi sau miliyan 100 cikin wata huɗu. A nan buɗe fakitin ne a gaba, karawar ta koma baya.

Abin da nake so mai sha'awar shiga ya fahimta shi ne matsayinsa a wannan gida: ɗan haya ne. Zai iya share ɗaki, ya yi fenti, ya zauna shekara goma, amma takardar gida tana hannun wani. Katin takarda in ya yi ƙarfi da yawa iyaka a hana shi a gasa, yana nan a akwatinka. Na waya kuwa kamfani zai iya sauya rubutunsa cikin dare, ka wayi gari rundunar da ka gina a kansa ta rushe. Wasan ma kansa yana iya mutuwa. An rufe wasan Hex a 2020, an rufe The Elder Scrolls: Legends a Janairun 2025, da duk abin da mutane suka tara a ciki. A Janairun 2023 yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase ta ƙare, 'yan wasan Hearthstone na ƙasar Sin suka rasa hanyar shiga asusunsu, sai a Satumban 2024 aka dawo, kamfanin ya ba su katunan da suka wuce su kyauta. Da hanawar da bayarwar duk ba a hannunsu suke ba. A Janairun 2025 Marvel Snap ya ɗauke a Amurka na ɗan lokaci, saboda kamfanin da ke rarraba shi a lokacin na ByteDance ne, dokar da aka yi don TikTok ta haɗa da shi. Katin Wagner kuwa ya wuce shekara ɗari, kamfanin da ya buga shi an daɗe da wargaza shi, katin yana nan.

Ɗan ƙanwata ya taɓa leƙo wayata ya ga katuna jere, ya ce, "Kawu, nawa ake samu a wannan?" Tambayar ba ta ba ni mamaki ba. A 2024 ya yi watanni yana danna Hamster Kombat tare da abokansa, suna neman haɗin katuna uku na kowace rana, suna jiran ranar fashewa, kuma da ranar ta zo a ƙarshen Satumba abin da akasarinsu suka samu bai taka kara ya karya ba. Na ce masa ko sisi ba a samu, kuma duk wanda ya ce maka za ka yi arziki da katin waya, kai ne hajarsa. Ya ce to mene ne amfaninsa? Na ba shi wayar, na nuna masa katuna biyu, na ce ya gaya mini wanda zai fara saukewa da dalilinsa. Ya yi shiru yana karanta su, ya zaɓi ɗaya, ya fasa, ya koma ɗayan. Wannan shirun shi ne amfanin.

Abubuwa uku Garfield ya ɗaure wuri guda a 1993: wasa, tarawa da musanya. Intanet ta kusan kashe musanya, ta mayar da tarawa aro, amma wasan ta faɗaɗa shi har ya iso inda katin takarda bai taɓa zuwa ba, kuma shi ne mafi daraja cikin ukun tun asali. Shi ya sa na tsayar wa kaina ƙa'ida: fakitin da na samu da wasa zan buɗe, wanda ake saye da kuɗi a rufe ba na saye, domin ba na son biyan kuɗi a kan abin da ban san mene ne ba, kuma zuciyata ba ta natsu da shi ba. Wannan yana nufin runduna ɗaya ko biyu nake iya haɗawa a lokaci guda, kuma nakan haɗu da wanda ya fi ni manyan katuna ya doke ni. Amma wanda ke da katuna talatin kawai yakan san su ciki da waje, ya san wanda zai riƙe da wanda zai saki. Duk mai son shiga, ya zaɓi wasa ɗaya, ya sa wa kansa lokacin tashi, ya yanke hukunci a kan kuɗinsa tun kafin ya ga hasken fakiti na farko, domin bayan ya gani shawarar ta fi wuya.